Kunkurun Logo da Koyar da Lissafi a Firamare

A shekarar 1967 ne Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo a Amurka, wato harshen kwamfuta domin yara. Abin da ya fi shahara da shi shi ne ɗan kunkuru mai zana layi duk inda ya bi. Yaron da ke son zana murabba'i zai umarce shi ya yi gaba taki 100, ya juya dama digiri 90, har sau huɗu. In ya rubuta 80 maimakon 90, zanen ba zai haɗe ba, kuma shi da kansa zai gano inda ya kauce. Ta haka yake fahimtar cewa juyi huɗun nan tilas su cika digiri 360.

Manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta fitar a 2007, ta gaji wannan tsari. Sai dai yaro ba ya iya gyara umarnin da bai fahimci ma'anarsa ba, iyakarsa haddar aku. Saboda haka, daidaita kalmomi irin su "kusurwa" da "maimaita" cikin Hausa nauyi ne da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe.