Hunturu A Tsofaffin Biranen Japan: Zama Tsakanin Wuta Da Ƙanƙara

A DAREN ƙarshe na watan Disamba, limamai goma sha bakwai na addinin Buda sukan taru a haikalin Chion-in da ke birnin Kiyoto domin su kaɗa ƙararrawa guda ɗaya tak. Nauyinta ya kai kimanin tan 70, an kuwa ƙera ta tun shekarar 1636. Goma sha shida suna riƙe da igiyoyin wani ƙaton gungume da aka rataye, na sha bakwai ɗin ya kama babbar igiya ya jefa jikinsa baya kamar zai faɗi, gungumen ya daki ƙarfen. Haka za su yi har sau 108, adadin sha'awoyin da addininsu ya ce su ke damun zuciyar ɗan Adam. Da wannan ƙara ne hunturu yake kankama a tsohuwar hedkwatar ƙasar Japan.

Hunturun can ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai hazo da ƙura. Duwatsu sun kewaye Kiyoto ta gefe uku, saboda haka sanyi yakan kwanta a cikin kwarin, ya riƙa shiga mutum ta tafin ƙafa. Birnin ya zama mazaunin Sarkin Japan daga shekarar 794 har zuwa 1868, kuma ya tsira daga bam ɗin nukiliya a 1945 domin Sakataren Yaƙi na Amurka, Henry Stimson, ya nace sai da aka cire sunansa daga jerin biranen da aka nufa. Wannan ne ya sa har yau ake samun unguwanni da haikalai na katako da takarda a tsaye. To, abin da aka gina da katako kuwa ba shi da abokin gaba kamar wuta, ga shi kuma galibin bukukuwan wannan lokaci da wuta ake yin su.

A daren na sabuwar shekara jama'a sukan nufi wurin ibadar Shinto na Yasaka, kowa ya ɗosana wata 'yar igiya a wutar da aka hura, ya riƙa juya ta a hannu don kada ta mutu. Bisa al'ada da wannan wuta ake dafa miyar farko ta shekara. Miyar Kiyoto fara ce, mai ɗan zaƙi, a ciki akwai curin shinkafa da aka kirɓa a turmi har ya yi danƙo, wanda suke kira mochi. Daɗinsa bai hana shi haɗari ba, domin kowace shekara hukumomi sukan yi gargaɗi a yanka shi ƙanana saboda tsofaffi da yake shaƙewa. Wani abincin sanyi da birnin ya yi suna a kansa shi ne yudofu, watau awara ce ta waken suya, sai dai maimakon a soya ta, a ruwan zafi ake ɗumama ta da ganyen teku. Daga girkin limamai waɗanda ba sa cin nama ta samo asali, shi ya sa shagunanta suka yi yawa a kewayen haikalin Nanzen-ji.

A tsakiyar watan Janairu kuma matasa 'yan shekara ashirin, 'yan mata cikin tufafin kimono masu launi, sukan yi gasar harbin baka a haikalin Sanjusangen-do, wani dogon zaure mai tsawon kimanin mita 120. A shekarar 1686 wani maharbi mai suna Wasa Daihachiro ya saki kibau 13,053 cikin kwana ɗaya a barandar wannan zaure, guda 8,133 suka kai ƙarshe. Na yanzu mita 60 kawai suke harbawa.

Amma wanda yake son ya ga inda wasa da wuta ya kai matuƙa, sai ya hau jirgin ƙasa na ƙasa da awa guda zuwa Nara, wadda ta riga Kiyoto zama hedkwata daga 710 zuwa 784. A ranar Asabar ta huɗu ta Janairu ake cinna wa busasshiyar ciyawar tudun Wakakusa wuta da dare, 'yan kwana-kwana suna tsaye a gefe, mutanen gari suna kallon tudu mai tsawon mita 342 yana ci. Wannan ma somin taɓi ne idan aka kwatanta da abin da ake yi a haikalin Todai-ji daga 1 zuwa 14 ga watan Maris.

Sunan bikin Shuni-e, amma an fi saninsa da Omizutori, watau ɗiban ruwa. Limamai goma sha ɗaya sukan keɓe kansu suna neman gafara a madadin jama'a duka, suna roƙon zaman lafiya da damina mai albarka. Kowane dare ana haska musu hanya zuwa zauren Nigatsu-do da manyan damman wuta da aka ɗaura a kan gora. Masu ɗauke da su sukan ruga a kan barandar katako suna juya gorar, tartsatsi yana zuba a kan 'yan kallo da ke ƙasa, su kuwa suna murna, domin a wurinsu wanda tartsatsin ya taɓa ya sami kariya a shekarar. A daren 12 ga wata ake fito da mafi girma, masu tsawon kimanin mita 8, kana kafin asuba a ɗebo ruwa daga wata rijiya da ke gindin zauren.

An fara wannan ibada a shekarar 752, kuma haikalin yana alfahari da cewa ba a taɓa tsallake ko shekara ɗaya ba. Wadda aka yi a 2024 ita ce karo na 1,273. Ba a fasa ba a lokacin da mayaƙa suka ƙona yawancin haikalin a 1180, ba a fasa ba a 1945 ana tsakiyar yaƙi. A 1667 ma zauren kansa ya kama wuta ana cikin ibadar ya ƙone ƙurmus, aka sake gina shi bayan shekara biyu, aka koma ana gudu da wuta a kan sabuwar barandar. Wani zai kira wannan taurin kai. Mutanen yankin dai sukan ce sanyi ba ya tafiya sai an ɗebi ruwan nan.

Gwamnati ba ta bar al'amarin ga sa'a ba. Ranar 26 ga Janairu, 1949, gobara ta tashi a babban zauren haikalin Horyu-ji da ke kusa da Nara, wanda gine-ginensa suna cikin mafi tsufa na katako a duniya, ta lalata zane-zanen bango na fiye da shekara dubu. Wannan asara ce ta sa majalisa ta zartar da Dokar Kare Kayan Tarihi a 1950, shekarar da wani matashin limami ya ƙona Haikalin Zinariya na Kiyoto da gangan. Tun daga 1955 aka mai da 26 ga Janairu ranar kare kayan tarihi daga gobara, inda 'yan kwana-kwana da limamai da maƙwabta suke gwajin kashe wuta da fitar da kaya masu daraja.

A gaɓar yamma labarin ya sha bamban. Iskar da take tasowa daga Saibiriya tana kwasar danshi a kan Tekun Japan, ta zo ta sauke dusar ƙanƙara mai jiƙe da nauyi a kan birnin Kanazawa. Domin kada ta karya rassan itatuwa a lambun Kenrokuen, wanda gidan sarautar Maeda ya kafa, daga ranar 1 ga Nuwamba ma'aikata sukan kafa dogon sanda kusa da itace, su saki igiyoyi daga ƙolinsa su ɗaure kowane reshe, har abin ya zama kamar laima. Aikin kariya ne, amma shi ne ya zama abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto. Ranar 6 ga Nuwamba ake buɗe kamun ƙaguwa, kasuwar Omicho mai shekara fiye da 300 ta cika da ita. A ƙauyen Shirakawa-go da ke cikin duwatsu, jinkar gidaje tana da tsini sosai don ƙanƙara ta zame, idan kuma lokacin baibaya ya yi, gayya ake kira, su ma suna da nasu sunan, yui.

Yanzu wani nauyin ya ƙaru bayan na ƙanƙara. A shekarar 2024 baƙi kimanin miliyan 36.9 suka shiga Japan. Da can, hukumomin Kiyoto su ke roƙon mutane su zo da hunturu, suna buɗe musu ɗakunan haikalai da ake rufewa a sauran watanni, domin masauki ba ya cika. A yau mazauna birnin suna kukan ba sa samun wuri a motocin safa na unguwanninsu. A 2024 unguwar Gion ta kafa allunan hana baƙi shiga wasu lunguna na masu gida, a 2025 kuma aka amince wa birnin ya ɗaga harajin kwana a otal mafi tsada zuwa yen 10,000 daga watan Maris na 2026. Shirakawa-go, wanda mazaunansa ba su da yawa, tun 2019 ya daina karɓar kowa a dararen da ake haska gidajen da fitilu sai wanda ya yi rajista tun da wuri.

Girgizar ƙasar da ta auku a tsibirin-gaɓa na Noto, arewa da Kanazawa, ta zo ne da yammacin 1 ga Janairu, 2024, iyalai suna tare a gida don sabuwar shekara. A garin Wajima ba girgizar kaɗai ta yi ɓarna ba. Gobarar da ta biyo baya ita ce ta cinye unguwar tsohuwar kasuwar safe, ta bar gine-gine fiye da 200 toka.