Ɗumama Injin Rotari Kafin Tuƙi

Gabatarwa

Yawancin motocin da ake gani a kan titi suna aiki ne da injin fistan, wanda fistan ɗinsa ke hawa da sauka a cikin silinda. Amma akwai wani nau'in inji da ake kira rotari, wanda injiniyan nan na Jamus, Felix Wankel, ya ƙirƙiro, aka kuma fara gwada shi a kamfanin NSU a shekarar 1957. Kamfanin Mazda na ƙasar Japan shi ne ya fi shahara da shi, domin ya sa shi a motar Cosmo Sport a 1967, da RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sannan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa irin wannan inji yake bukatar ɗumi kafin a matsa masa, da kuma yadda ake ɗumama shi.

Yadda Injin Yake Aiki

A maimakon fistan, injin rotari yana da wani dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota, wanda yake kewayawa a cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa. Yayin da yake kewayawa, yakan zuƙo iska da fetur, ya matse su, filogi ya kunna musu wuta, sannan ya tura hayaƙi waje. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe, wato sil, wanda yake goga bangon gidan don kada iskar da aka matse ta sulale. Lafiyar injin gaba ɗaya ta rataya ne a kan waɗannan sil. Saboda haka ne injin yake ɗiga baƙin mai kaɗan-kaɗan a cikin gidan don ya shafe su, man kuma ya ƙone tare da fetur.

Dalilan Ɗumamawa

Dalili na farko shi ne bambancin ƙarafan da aka haɗa. A injin RX-7 da RX-8, gidan rota na alminiyam ne, faifayen da suka rufe shi ta gefe kuwa na baƙin ƙarfe ne. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi. In aka taka totur da ƙarfi alhali injin yana da sanyi, sai wani sashe ya riga wani buɗewa, abin da ke wahalar da robobin da suke raba ruwan sanyaya inji da wurin ƙonewar mai.

Na biyu, baƙin mai mai sanyi yana da kauri, ba ya saurin isa lungunan da ake bukatarsa. Na uku, injin da yake da sanyi yana shan fetur fiye da kima. Idan aka tayar da shi aka kashe nan take, ragowar fetur kan jiƙa filogi ya wanke man da ke jikin sil, sai motar ta ƙi tashi daga baya. Masu RX-8 sun san wannan matsala sarai.

Yadda Ake Ɗumamawa

Ɗumamawa ba ta nufin a bar mota tana ta aiki a tsaye na tsawon lokaci. Yin haka ɓarnar mai ne, yana kuma tara dauɗar hayaƙi a cikin injin. Abin da ya dace shi ne:

1. A tayar da injin, a ba shi minti ɗaya ko biyu har ƙararsa ta daidaita.
2. A ja motar a hankali, kada juyin injin ya wuce kimanin 3,000 a minti.
3. A ci gaba da haka har allurar zafi ta kai mazauninta. A RX-8, makullin ruwa yakan fara buɗewa ne a wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyas.
4. A ƙara wasu 'yan mintoci kafin a matsa wa motar, domin baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi.
5. Kada a kashe injin sai ya yi ɗumi, ko da kuwa matsar da motar kawai aka yi.

Haɗarin Zafi Mai Yawa

Kamar yadda sanyi yake illa, haka ma zafin da ya wuce iyaka. Injin yakan yi aiki lafiya idan zafin ruwansa yana tsakanin digiri 80 da 'yan kai zuwa 90 da 'yan kai. Idan allura ta fara hawa sama da inda ta saba tsayawa, wajibi ne direba ya tsaya, domin tafasa ɗaya tak tana iya lanƙwasa gidan rota, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, sai an sauke injin ɗungurungum.

Kammalawa

Injin rotari yana iya juyi har 9,000 a minti a wasu samfuran RX-8, amma ba ya jure wannan sai ƙarafansa da mansa sun kai zafin da aka tsara musu. Haƙurin 'yan mintoci da safe ya fi kuɗin sauke inji sauƙi.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa ake ɗumama injin rotari.
2. Me ya sa ba a so a kashe injin yana da sanyi?
3. Rubuta bayani makamancin wannan a kan wata na'ura da ka sani.