Abin Da Ke Sa Awaki Tsada Ko Araha

Akuya dukiyar talaka ce. Tana ba da nono da nama da fata da taki, ga ta kuma da sauƙin kiwo. Amma kuɗinta a kasuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Babban dalili shi ne lokaci. In Babbar Salla ta gabato, masu saye sukan yi yawa, gama wanda bai sami halin rago ba yakan yi layya da taure. Sai kuɗi ya hau. In damina ta faɗi kuwa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, manoma da yawa sukan kai awakinsu kasuwa don su sayi abinci. Awaki da yawa, masu saye kaɗan, tilas kuɗi ya sauka. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, dabbobi sun rame, an sayar da su a wulaƙance, hatsi kuwa ya yi tsada.

Iri ma yana da tasiri. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da daraja saboda fatarta mai laushi da ƙarko. A zamanin da, fatake sukan ƙetare hamada da jemammiyar fatar nan. Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can take isa gare su.

Sai kuma nisa. Akuyar da aka saya a Maigatari ko Illela, kusa da iyakar Nijar, takan fi tsada in ta isa Legas. An ɗora mata kuɗin mota da haraji da la'adar dillali.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. Makiyayan Somaliya sukan loda tumaki da awaki cikin jiragen ruwa a Berbera, a kai Saudiyya lokacin aikin Hajji. A 2000 Saudiyya ta hana shigo da su saboda wata cutar dabbobi, ba ta ɗage hanin ba sai 2009. Da babban mai saye ya janye, kuɗin dabbobi ya faɗi, makiyaya suka sha wuya.

Saboda haka mai kiwo mai hankali yakan tanadi harawa da dusa tun da kaka. Ya kiwata awakinsa su yi ƙiba, ya jira lokacin da masu saye za su neme shi, kada yunwa ta kore shi kasuwa ran araha.