Ƙarfe Ɗaya, Rasit Shafi Biyu

Ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya turo mini hoton wani rasit ta WhatsApp, da ɗan rubutu a ƙasansa: "Yaya, duba abin da kamshaf guda ya ja mini." Babur ɗinsa Harley-Davidson ne, ƙirar Street Glide. Ya kai shi gareji ne don a sauya masa ƙarfe ɗaya wanda tsawonsa bai fi taƙi ba, sai ga shi ya fito da rasit shafi biyu. Kamshaf ɗin kansa dala 300 ne da 'yan kai. Jimillar da ke ƙasan shafi na biyu ta haura dala 2,000.

Na bi rasit ɗin layi-layi, ban ga inda bakaniken ya cuce shi ba, kowane layi da hujjarsa. Abin da ya ɓata mini rai daban ne. Kamshaf ɗin da ya zaɓa ba ya farkawa sai inji ya doshi juyi 4,000 a minti, shi kuwa na san tuƙinsa: daga gida zuwa aiki, ran Asabar ya goya maiɗakinsa su zaga bayan gari. Ya sayi ƙarfin da yake ajiye a wani ɗaki da ba ya shiga. Kuma irinsa suna da yawa, domin sauya kamshaf ya zama kamar farilla ga mai sabon Harley, har wanda bai yi ba yana jin kamar babur ɗinsa bai kammalu ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin inji ya san aikin wannan ƙarfe. Shi ne mai tsaron ƙofa. Ƙusumbin da ke jikinsa su ke faɗa wa bawul yaushe zai buɗe, iya ina zai buɗe, da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe, yana juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf ya yi biyu. Matsalar ita ce ƙarfe ne da aka sassaƙa sau ɗaya, ba ya sauya hali. Idan aka sassaƙa shi yadda bawul ɗin shigar iska zai makara wajen rufewa, a babban gudu iskar da ta taho da ƙarfi za ta ci gaba da danna kanta cikin silinda, ƙarfi ya ƙaru. A ƙaramin gudu kuwa fistin na tasowa zai koro wani kaso na iskar ta inda ta shigo, matsi ya ragu, babur ya yi sanyin jiki daidai lokacin da ake tashi daga danja da kaya a baya. Abin da aka ƙara a sama, daga ƙasa ake yanko shi. Babur mai nauyin fiye da kilo 350, wanda injinsa ke ƙurewa wajen juyi 5,500, kuma mai shi ke wuni tsakanin 2,000 da 3,500, ai ba sai an tambayi wane gefe ya fi buƙata ba.

To me ya sa mutum zai sayi babur na dala dubu ashirin da wani abu, sannan bai yi wata shida ba ya farke masa ciki? Ni a ganina tushen abin yana wuri biyu da suka haɗu suka zama ɗaya: dokar hayaƙi, da yadda kamfani ya gano cewa dokar ta buɗe masa kasuwa.

Injin Harley na gargajiya babba ne, silinda biyu, iska ce ke yin yawancin aikin sanyaya shi. Kafin irin wannan inji ya tsallake gwajin hayaƙi da na ƙara na hukumomin Amurka da Turai, dole a ɗaure shi. Ana rage masa fetur a cikin cakuɗen da yake sha, a toshe masa salansa, a sa masa kamshaf mai kunya, wanda ba ya barin bawul ɗin shiga da na fita su daɗe a buɗe tare, don kada ɗanyen mai ya sulale ya bi salansa. Sakamakon shi ne inji mai zafin da ke gasa cinya a cunkoso, wanda kuma numfashinsa ke yankewa da wuri. Injin Milwaukee-Eight da aka fito da shi a 2016 don baburan shekarar 2017, mai cc 1,745 a ƙaramarsa, yana da bawul huɗu a kowace silinda, wato ƙofofinsa sun isa ya shaƙi iska fiye da wadda kamshaf ɗin kamfani ke ba shi. Masu gareji sun gane haka tun shekarar farko, shi ya sa sauyin kamshaf a wannan inji ke ba da bambancin da ake ji a mazauni, ba a takarda kawai ba.

Kamfanin ma ya sani, kuma bai ɓoye ba. Ƙarƙashin sunan Screamin' Eagle ya jera wa mai saye tsani mai hawa huɗu. Mataki na ɗaya, matatar iska da salansa da sake saita kwamfutar inji. Na biyu, kamshaf. Na uku, faɗaɗa silinda da manyan fistin. Na huɗu ya kai har kan inji da maƙogwaron shigar iska. Ka lura da hikimar sa musu lamba. Wanda ke kan mataki na ɗaya ya san akwai na biyu, kuma duk wanda ya haɗu da shi a gidan mai tambayar da zai fara yi masa ke nan: a wane mataki kake? A mataki na biyun ma an raba hanya, akwai kamshaf na ja mai lamba 447, akwai na gudu mai lamba 462. A gefe kuma ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, S&S Cycle da ke Viola a jihar Wisconsin, ga Andrews, ga Feuling, kowa da lambobinsa. Ɗan Adam kuwa idan ka ajiye masa lamba biyu, hannunsa babbar yake nufa.

Yanzu a koma kan rasit. Kamshaf ba ya shiga shi kaɗai. Don kada a sauke tanki a buɗe saman inji, bakanike kan sa katon almakashin yanka ƙarfe ya datse sandunan turi huɗu na asali, ƙas, ƙas, ya zare gutsattsarin, sannan ya maye gurbinsu da masu zare waɗanda ake iya tsawaitawa. An rage awannin aiki, an ƙara layi a rasit. Tunda an buɗe, wa zai mayar da tsofaffin madogaran da ke hawa kan ƙusumbin? A sa sababbi. Boris ɗin ciki da kamshaf ke kwanciya a kai, a sauya shi da mai cikakkun allurai. Gasket, baƙin mai, matatar mai. Idan babur ɗin na shekarun farkon Milwaukee-Eight ne, waɗanda wasunsu suka yi fama da taruwar mai a ƙasan inji, za a ce gara a sauya famfon mai da farantinsa gaba ɗaya, kuma shawara ce mai kyau. Bayan duk wannan sai babban layi: na'urar saita kwamfutar inji, da kuɗin ɗora babur a kan injin awon ƙarfi a yi masa saiti na awanni. Wannan ne layin da masu ƙaramin aljihu ke tsallakewa, su sauko da saitin wani daga intanet su zuba, kuma shi ne layin da bai kamata a taɓa ba. Kamshaf mai tsada da saitin aro ya fi na kamfani muni. Idan ƙarfin ya ƙaru sosai kuma, kuloci ya fara santsi, a koma gareji. Tsugunne ba ta ƙare ba.

Wannan na'urar saitin ita ce ta jawo rigimar da ta nuna girman kasuwar. A watan Agustan 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka da ma'aikatar shari'a suka sanar da sulhu da Harley-Davidson: tarar dala miliyan 12, kan sayar da kimanin na'urori 340,000 da ake kira Super Tuner tun daga 2008. Kamfanin ya ce don filin tsere ya ƙera su, bai kuma amsa laifi ba. Hukuma ta ce a kan titi aka yi ta amfani da su. Dubu ɗari uku da arba'in. Ko duk masu tseren babur na Amurka aka tara da iyalansu ba za su cinye wannan adadi ba. Cikin sharuɗɗan sulhun har da cewa kamfani zai ƙi biyan garanti ga babur ɗin da aka saita da na'urar da hukuma ba ta amince da ita ba. Abin da ya biyo baya shi ne mai sabon babur ya tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: kayan kamfani masu takardar hukuma, waɗanda garanti ke rufewa amma ba su sakin inji sosai, ko kayan waje masu ƙarfi, ya ɗauki kasadar injinsa a wuyansa. A Yunin 2022 hukumar cinikayya ta tarayya ta taka wa kamfanin birki kan sharaɗin da ke cewa amfani da kayan waje ko garejin waje na iya soke garanti, bisa dokar Magnuson-Moss ta 1975. Mutane da dama sun ɗauka an sake musu mara ke nan. Sai dai dokar ba ta ce kamfani ya biya ɓarnar da kayan wajen suka jawo ba, kuma bawul ɗin da ya gaisa da fistin bayan an sa masa kamshaf mai tsayin ƙusumbi ba ya buƙatar lauya ya fassara shi.

Sauran dalilan ƙanana ne a wurina, ko da yake su suka fi ƙara. Akwai gurnanin nan mai ɗingishi da babban kamshaf ke sa inji ya yi idan yana tsaye, wanda ake ɗauka a bidiyo a watsa. Akwai takardar injin awo mai layuka biyu, wadda kowa ke duba ƙololuwarta ya manta da gefen hagu inda yake tuƙi. Tun da aka fara tseren King of the Baggers a Laguna Seca a 2020, inda manyan babura masu akwatunan kaya ke kwanciya a kwana, kuma kamfanin Indian ya shigo da Challenger mai ƙarfin doki 122 daga kamfani, mai Harley ya ji an taɓa masa mutunci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da magana ɗaya mai nauyi, kuma dole a ba su ita. A injin Twin Cam da aka fara a 1999, musamman na shekarun kafin 2007, takalman roba masu danne sarƙar kamshaf suna cinyewa, gutsattsarinsu su faɗa famfon mai, inji ya tafi. Mai irin wannan babur ko ya so ko ya ƙi sai an buɗe masa wannan ɗaki, kuma tunda kuɗin aiki ɗaya ne, sa sabon kamshaf a lokacin dabara ce. Zai iya komawa madanni mai aiki da matsin mai irin na 2007, ko ya jefar da sarƙar ya sa haƙoran giya, muddin aka auna karanshaf aka ga layinsa bai wuce kashi 3 cikin 1,000 na inci ba, kimanin kaurin silin gashi. Na kuma yarda cewa matsakaicin kamshaf na ja, da saiti na hannun gwani, yana iya rage zafi ya sa babur ya daina neman a sauko masa da giya a hawa. Amma wannan hujja ce ta gyaran tsohon inji da zaɓen ƙaramar lamba. Ba ta wanke wanda ya farke sabon babur ya cusa masa kamshaf ɗin tsere ba. Ranar sayarwa kuma zai gane, don mai saye na hannu ba ya biyan kuɗin rasit shafi biyu, wani ma rage tayi zai yi, yana tunanin wane irin murɗa totur babur ɗin ya sha.

Abin ban dariya, mu nan mun fi kowa sanin ɗaya gefen wannan lissafi. Injin CG125 da Honda ta ƙera a tsakiyar shekarun 1970, wanda jikokinsa 'yan China suka cika titunanmu, shi ma da sandunan turi yake aiki kamar Harley, kuma ƙusumbi ɗaya tal ke buɗe bawul ɗinsa biyu. An yi shi haka da gangan, don ƙasashen da ake makara wajen juye baƙin mai, a kuma ɗora wa babur buhu da mutum biyu. Injiniyoyin sun duba yadda ake tuƙin a zahiri suka sassaƙa ƙarfen daidai da shi, ba su tambayi abin da matuƙi ke mafarki ba.

Kamfanin Harley ma ya fara amsa tambayar ta hanyar da ya kamata. Injin Revolution Max da ya zo da Pan America a 2021, da Milwaukee-Eight 121 na baburan CVO na 2023, suna da tsarin da ke gusar da lokacin buɗe bawul yayin da ake tafiya, wuri a ƙaramin gudu, a makare a babba. Wato abin da ƙarfe sassaƙaƙƙe ba ya iyawa. Sai dai a injin Milwaukee-Eight sun fara sa shi ne a baburan da suka fi tsada, kuma dubun dubatar masu tsofaffin injuna suna nan da tsanin nan mai hawa huɗu a gabansu.

Na tambayi ɗan'uwan nawa yadda babur ɗin yake yanzu. Ya ce a babbar hanya, idan ya sauko giya biyu ya buɗe masa wuta, sai ka rantse jirgi ne zai tashi. Na ce a cikin gari fa, da Hajiya a baya? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce bakaniken ya faɗa masa matsi ne ya yi ƙasa, idan aka sa manyan fistin zai dawo daidai. Ya riga ya tambayi farashin mataki na uku.