Ɗan Jarida Mai Bin Diddigi

Yawancin labaran da muke ji daga wurin taro ake ɗauko su: kwamishina ya yi jawabi, a rubuta, a watsa. Mai bin diddigi kuwa aikinsa yana farawa ne bayan an watse. Shi ne mai tambayar ina kuɗin suka shiga, wa ya sa hannu, kuma ina takardar.

A Kano, da an ambaci wannan sana'a sunan Jaafar Jaafar ke fara zuwa baki. Ya yi aiki a Daily Trust da Premium Times kafin ya kafa Daily Nigerian a intanet a 2016. A watan Oktoba na 2018 ya fitar da bidiyon da ya ce gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ne a ciki yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa hoton aka yi, ya kuma maka shi a kotu yana neman diyyar naira biliyan 3. Da Majalisar Dokokin jihar ta gayyaci Jaafar, ya bayyana rataye da Alƙur'ani. A 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila saboda yana tsoron abin da zai same shi. Ni a ganina, babban rashi ne gari ya kasa riƙe irin wannan ɗa nasa.

Amma mutane bidiyon kawai suke tunawa, alhali mafi yawan aikin ba shi da armashi. A ce mutum yana son sanin ko kuɗin shigar da ake karɓa a kasuwar Kara ta Wudil duk ranar Juma'a suna isa baitulmali. Sai ya yi sammako mako bayan mako, ya zauna da dillalai da masu lodin tirela, ya ƙirga shanu, ya tara rasit. Sannan ya rubuta wa hukuma yana neman lissafinta, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi wannan dama. Wataƙila ya tarar komai daidai yake, wata uku sun tafi ba labari. In kuwa ya ga giɓi, dole ya je wurin wanda ake zargi ya ji ta bakinsa kafin ya buga ko da kalma ɗaya. Majiya guda ba ta isa, kuma sunan wanda ya tsegunta masa amana ce, ko da alƙali ya matsa.

Inda muke da rauni shi ne littafi. Labarin intanet yakan nutse cikin mako guda. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ya dawo daga ziyarar da ya kai Ingila a 1943 bai tsaya a shafin jarida ba, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bincike irin na yau ma yana bukatar a tattara takardun kotu da hirarraki a mayar da su littafi da Hausa, yadda dillalin shanu a Wudil zai karanta ko a karanta masa. Wannan aikin shekara ɗaya ne ko biyu, kuma sai an samu mai ɗaukar nauyin marubucin da iyalinsa har ya kammala.