Me ya sa manya ke begen ƙuruciya?

"Ƙuruciya dangin hauka," in ji Bahaushe. Amma da wuya ka zauna a fadar ƴan shekara arba'in zuwa sama, a Maraɗi ko Tawa, a kai ga shayi na uku wani bai ɗauko labarin yarinta ba: langa, motar kara, tashe cikin azumi, gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata. Kusan kullum hirar da magana ɗaya take ƙarewa: "Lokacin ba mu da damuwa." Alhali da yawa cikin masu faɗin haka sun yi wayo ne cikin yunwar 1984, sun sha bulala a lakwal da makarantar allo, sun yi kiwo ba takalmi. To mene ne ainihin abin da suke bege?

Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa zafin abin baƙin ciki ya fi saurin dusashewa a zuciya a kan daɗin abin farin ciki. Mutum na tuna an doke shi, amma raɗaɗin ya tafi, saura labarin dariya. Abin da ya faru kafin shekara 3 ko 4 kuwa, galibi ba ya tuna shi sam. Ke nan ƙuruciyar da muke ba da labari an riga an tankaɗe ta, tsakin ya fita.

Sai dai wannan bai isa ba. Babban abin da yaro ke da shi wanda babba ya rasa shi ne ba a yi masa lissafi. A addini, malamai na karantar da cewa an ɗage alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Ana umartar sa da salla tun yana shekara 7 don ya saba, amma ba a rubuta masa zunubi. A dokar ƙasa ma, wanda bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa hukuncin laifi. A cikin gida kuwa, in ya faɗa wa baƙo gaskiyar da kowa ke ɓoyewa, sai a yi dariya a ce "yaro ne". Zai fita da yagaggen wando, ya ci tuwo gidan maƙwabta, ya yi faɗa da abokinsa da hantsi su shirya kafin azahar. Bai san wane ɗan wane ba ne, bai kuma san cewa gidansu ya fi na wasu talauci ba sai ranar da wani ya gaya masa.

Waɗanda suka yi karatun boko da Faransanci sun haɗu da wannan tunani ta wata ƙofa. Jean-Jacques Rousseau, cikin littafinsa Émile na 1762, ya yi da'awar cewa ana haihuwar ɗan Adam da kyakkyawar ɗabi'a, zaman jama'a ne ke gurɓata shi. Camara Laye na ƙasar Gine ya rubuta L'Enfant noir a 1953 yana Faransa, nesa da maƙerar mahaifinsa a Kurusa, kuma tun a lokacin wasu marubutan Afirka suka zarge shi da kawar da kai daga wahalar mulkin mallaka. Zargin na da kama, amma littafin ya nuna abu guda: mutum ya fi jin ƙanshin ƙuruciyarsa lokacin da nauyin girma ya danne shi.

Nauyin nan kuwa a wajenmu yana da suna: "me mutane za su ce?" Namiji ya kai shekara 30 bai yi aure ba, magana. Ya yi auren, sai akwati da kayan ɗaki da hayar runfuna da kujeru. Mace ta shekara biyu ba haihuwa, dangin miji sun fara ƙus-ƙus. Mai digiri ya dawo daga jami'ar Abdou Moumouni ba aiki, ya gwammace ya wuni a fada da a gan shi yana tura baro. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, ragon layya mai ɗan kyau a kasuwannin Yamai ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma layya addini bai ɗora ta a kan wanda ba shi da hali ba. Duk da haka magidanta na cin bashi su saya, don kada yara su leƙa gidan maƙwabci, ko kuma, in za a faɗi gaskiya, don kada maƙwabcin ya leƙo. Tun a 1954 wani masanin Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum na auna kansa ne da na kusa da shi. A da na kusan su ne ƴan unguwa. Yau WhatsApp da TikTok sun kawo bikin attajiran Kano da Dubai cikin tafin hannun kowa, ma'aunin ya koma wanda ba mai iya cika shi.

Kada a ɗauka duk abin da jama'a ke jira daga mutum sharri ne. Rahoton farin ciki na duniya, wanda ake fitarwa tun 2012, na tambayar mutane su auna rayuwarsu daga 0 zuwa 10, kuma cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan amsar akwai samun wanda za ka dogara gare shi ranar wahala. Zumuncin da ke tilasta maka zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye shi ne zai cika gidanka ranar taka. A ganina bambancin yana nan: akwai nauyin da ake ɗauka don wani mabuƙaci, akwai wanda ake ɗauka don idon ƴan kallo. Na farko na gajiyarwa amma ana barci bayansa. Na biyu shi ke hana barci.

Inda maganar ta fi ciwo shi ne muna yabon ƙuruciya da baki, muna gajarta ta da hannu. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. In ka tambayi iyaye, da yawa ba kuɗi za su fara ambata ba, tsoron abin kunya za su ce. Wato tsoron bakin mutane da ke hana uba barci, ɗiyarsa ce ke biyan kuɗinsa da ajin da ba ta gama ba. Hukuma ta ɗauki doka a watan Disamban 2017 don riƙe ƴan mata a lakwal har shekara 16, sai dai takardar hukuma ba ta zama a zauren da ake yanke ranar aure.

Wani lokaci ma rashin laifin yaron ne ke zama jari. Saboda zuciya na karyewa in an ga ƙaramin yaro ya miƙa hannu, ana ɗaukar yara daga ƙauyukan Kance, jahar Damagaram, zuwa bara a biranen Aljeriya, kuma wadda ta dawo da kaya ita ce abin kwatance ga waɗanda suka zauna gida. A watan Oktoban 2013, motocin da suka ɗauko irin waɗannan matafiya suka lalace cikin hamada arewa da Arlit. An tsinci gawa 92, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga ciki yara ne.