Sinadarai Masu Aiki Iri Ɗaya: Abin Da Dokar Haƙƙin Ƙirƙira Ke Nufi Ga Mai Sayen Maganin Ciyawa

Manomin shinkafa ko masara a Mutum Biyu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol, idan ya shiga shagon magungunan feshi a farkon damina zai tarar da gwangwanaye masu sunaye barkatai, kowanne da farashinsa, mai shago kuma yana cewa duk aikinsu ɗaya. A wasu lokuta gaskiya ya faɗa, a wasu kuwa sam ba haka ba ne. Kafin a gane bambancin, sai an san yadda doka take kallon sinadarai biyu da ake cewa daidai suke.

Duk wanda ya ƙirƙiro sabon sinadari yana iya neman takardar haƙƙin ƙirƙira. A Nijeriya, dokar shekarar 1970 ta ba mai wannan takarda shekaru 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa, waɗanda a cikinsu ba a yarda wani ya ƙera ko ya shigo da abin ko ya sayar ba tare da izininsa ba. Iyakar haƙƙin nasa tana cikin bayanin da ya rubuta da kansa na abin da yake cewa nasa ne. To, idan wani ya sauya ɗan ƙaramin abu a cikin haɗin, ya ce ai nasa daban ne fa?

Wannan tambaya ta je gaban Kotun Ƙolin Amurka a 1950, a shari'ar Graver Tank da kamfanin Linde. Rigimar a kan garin da ake amfani da shi wajen walda ce: wanda aka kai ƙara ya cire sinadarin maganiziyam ya sa manganis a gurbinsa. Kotu ta ce sauyin na suna ne kawai, domin abin da aka sa yana yin aiki ɗaya, ta hanya ɗaya, ya kuma ba da sakamako ɗaya. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne ma'aunin da ya shahara har yau. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta bi kusan wannan layi a shari'ar Actavis da Eli Lilly, kan wani maganin ciwon daji. Takardar ta ambaci gishirin sodiyam na maganin, abokin gasa ya yi amfani da wasu nau'o'i, ciki har da gishirin fotasiyam, kotu ta ce duk da haka ya shiga haƙƙin mai takarda.

Misalin gishiri shi ne ya fi shafar manomi. A 1970 masanin sinadarai John Franz na kamfanin Monsanto ya gano cewa gilaifoset, wanda ake rubutawa Glyphosate a jikin gwangwani, yana kashe ciyawa, aka fara sayar da shi da sunan Roundup a 1974. Haƙƙin kamfanin a Amurka ya ƙare a shekarar 2000, shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman na ƙasar Sin, suke ƙera shi da sunaye daban-daban, farashi kuma ya sauka. Wannan ba jabu ba ne, halattaccen ciniki ne matuƙar maganin yana da lambar rajistar NAFDAC.

Gilaifoset a asalinsa asid ne da ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka ake mayar da shi gishiri. Wani kamfani ya yi amfani da gishirin aisofurofilamin, wani na fotasiyam, wani na amoniyam. Da zarar ya shiga ganye, asid ɗin ne ke aiki, ya toshe hanyar da tsiro ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa, ya gangara har saiwa. A nan sharuɗɗan nan uku sun cika. Sai dai lambobin da ke jikin gwangwani suna rikita mutane ƙwarai. Gwangwanin da aka rubuta giram 480 na gishirin aisofurofilamin a kowace lita, da wanda aka rubuta giram 360 na asid, da wanda aka rubuta kashi 41 cikin 100, kusan ƙarfinsu ɗaya ne. Manomin da ya ƙara kuɗi don ya ga 480, ko ya rage awon da yake zubawa a injin feshi don zaton ya fi ƙarfi, ya yi asara sau biyu. Akwai kuma masu giram 540 na asid. Idan ana zuba lita 4 na mai 360 a hekta, to kimanin lita 2.7 na mai 540 ya wadatar. Saboda haka lambar asid ce abin dubawa.

Amma fa kashe ciyawa kaɗai bai isa a ce magunguna biyu daidai suke ba. Maganin da ke ƙona ganyen da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu ya bi wata hanya dabam, ba ya kai wa ga saiwa, don haka tofa da jiji sukan sake tohowa. Gilaifoset kuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ciyawa ta bushe. A ganina, gaggawar ganin gona ta yi ja washegari ita ce ke sa manoma da yawa zaɓar abin da bai dace da ciyawarsu ba.

Haka kuma, daidaito a idon kotu magana ce ta wanda ke da haƙƙi, ba shaidar inganci ba ce. Kamfanoni sun bambanta wajen sinadarin da suke ƙarawa don magani ya manne wa ganye. Ruwan haɗi ma yana da tasiri: ruwan kogi mai laka, irin na fadamun Binuwai da Taraba a tsakiyar damina, yana kama gilaifoset ya rage masa ƙarfi. A bar ruwan ya kwanta a tace shi, ko a nemi na rijiya. Kafin a biya kuɗi, a duba sunan sinadarin, da lambar asid, da ranar ƙarewar aiki, da lambar NAFDAC, idan rubutun ya shige duhu a kai wa malamin gona gwangwanin ya karanta.